Tsakanin RAV4 da CR-V, wacce ta fi dacewa da magidanci a Kano?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Hotoro, ina aiki a cikin gari, ina da mata da yara uku. Kullum ni ke kai yara makaranta, kusan sau biyu a wata kuma ina zuwa Kaduna, sannan lokaci-lokaci mukan je ƙauyenmu a bayan Rano, inda sai an sauka daga kwalta an bi burji. Dillali ya nuna min jif biyu 'yan Beljiyam, Toyota RAV4 ta 2014 da Honda CR-V ta 2015, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce ta fi ɗaukar kaya, wacce ta fi ƙarfi, wacce ta fi sauƙin shan mai? Wasu sun ce in guji Honda saboda giya, wasu kuma sun ce Toyota suna kawai ake saya."

Wa'alaikumus salam, Malam. Abubuwa uku ka jero, sarari da ƙarfi da shan mai, amma maganar giyar da ka ƙarasa da ita, ita ce za ta raba gardamar. A ukun farko motocin nan sun yi kusa da juna ƙwarai, da wuya ka ce ga wadda ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau. Inda suka rabu shi ne irin kulawar da kowacce take nema, da kuma ko garejin da kake zuwa zai iya yi mata wannan kulawar yadda ya kamata.

Ka fara sanin wace CR-V ce a gabanka

Yawancin waɗannan motocin da muke kira 'yan Beljiyam daga Amurka da Kanada ake shigo da su, don haka alƙaluman da zan kawo na samfurin can ne. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 gida ɗaya ce: inji mai silinda huɗu, lita 2.5, wanda ake kira 2AR-FE, da giya otomatik ta gargajiya mai hawa shida. Wannan injin shi ne a cikin Camry ta 2010 zuwa 2017, kuma ka san yadda Camry ta cika garin nan.

Ita CR-V jikinta ɗaya ne daga 2012 zuwa 2016, amma cikinta iri biyu ne. Ta 2012 zuwa 2014 tana da inji lita 2.4 da giya otomatik mai hawa biyar. Daga 2015 Honda ta sauya injin, ta kawo mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ta kuma cire tsohuwar giyar ta sa CVT, wato giya otomatik marar hawa-hawa. Saboda haka mutumin da ya ce maka ya yi shekaru da CR-V bai taɓa buɗe giyarta ba, tambaye shi ta wace shekara ce. Idan ta 2013 ce, gaskiya ya faɗa, amma ba motar da aka nuna maka yake yabo ba.

Sarari da lodi

Idan kujerun baya suna tsaye, but ɗin RAV4 yana ɗaukar wajen lita 1,090, na CR-V wajen lita 1,050, a awon da ake yi har zuwa rufi. In an kwantar da kujerun, RAV4 ta kusa lita 2,080, CR-V kuma 2,000 da 'yan kai. Bambancin bai wuce ƙaramar jaka guda ba. Abin da ka fi ji a hannu shi ne yadda ake amfani da wurin. A CR-V akwai mariƙi a gefen but, kana ja kujerar baya ta naɗe da kanta. Daɓen baya kusan shimfiɗe yake, babu tudu a tsakiya, yaron da ya zauna a tsakiya yana da wurin ajiye ƙafa. Samfurin 2015 ya zo da ƙofofin iskar sanyi na masu zama a baya, ka leƙa bayan akwatin tsakiya ka tabbatar wadda aka nuna maka tana da su. RAV4 ta waɗannan shekarun ba ta da su a can. A watan Afrilu, da ƙarfe biyun rana, ka ɗauko yara daga makaranta ka tsaya a cunkoson Dangi ko Ƙofar Nassarawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A sha'anin zaman iyali, CR-V ta ɗan fi.

Sai dai akwai abin da masu jif ke mantawa. Girman but ba shi ne nauyin da mota za ta ɗauka ba. Honda ta ƙayyade wa CR-V kilo 385, mutane da kaya gaba ɗaya, RAV4 ma ba ta yi nisa da haka ba, kuma an rubuta adadin a wata takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Manya biyar masu kilo saba'in-saba'in sun cinye 350 ke nan, ko buhun shinkafa mai kilo 50 bai samu wuri ba. Kai da maiɗakinka da yara uku kuna da sauran fili, amma ranar da za a dawo daga ƙauye bayan kaka, a ce a jefa buhun masara biyu a baya, to an wuce iyaka. Shokazoban baya da robobin ƙafa ne ke fara biyan wannan bashin, giya ta biyo baya.

Ƙarfi a kan hanya

RAV4 tana da ƙarfin doki 176, CR-V 185. Kada wannan taran ta ruɗe ka. Abin da ke tura mota idan ka taka totur don wuce tirela a hanyar Zariya shi ne ƙarfin juyi, kuma a nan RAV4 tana da 233 Nm, CR-V ta 2015 tana da 245, ita kuwa ta 2012 zuwa 2014 tana da 221 kacal, sai inji ya yi sama sosai take nuna kanta. Dukkansu daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 suna cin daƙiƙa tara ko kusa da haka. Babu ta tsere a cikinsu, babu kuma wadda za ta ba ka kunya.

Yadda ƙarfin ke zuwa ne ya bambanta. A RAV4 kana jin giya tana sauka hawa ɗaya ko biyu, motar ta zabura. A CR-V mai CVT allurar inji ce ke hawa ta tsaya wuri guda tana ƙugi, gudu kuma yana ƙaruwa a hankali a hankali. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka giya ce ke zamewa, alhali haka aka yi ta. A gargada kuma CR-V ta fi laushi. RAV4 ta 2013 zuwa 2015 ƙafarta da ɗan tauri, kana jin rami a kujera, sai a gyaran fuskar 2016 Toyota ta tausasa ta, ta ƙara abin tare ƙara.

Shan mai

A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 mai ja da tayoyin gaba tana yin wajen kilomita 11 a lita ɗaya idan an haɗa tuƙin gari da na babbar hanya, wato lita 9 a kowace kilomita 100. CR-V ta 2012 zuwa 2014 daidai take da ita. CR-V ta 2015 kuwa tana yin kilomita 12 da ɗoriya, wato lita 8 da ɗigo ɗaya a kilomita 100. Mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, a kowane ɓangare tana ƙara shan kaɗan. Tankin RAV4 lita 60 ne, na CR-V 58.

Mu ɗauka kana cin kilomita 1,500 a wata, tunda zuwa Kaduna da dawowa kaɗai ya haura 450. RAV4 za ta sha wajen lita 135, CR-V wajen 122. Ratar lita 13 ke nan a wata, kusan 160 a shekara. Ka ninka da farashin lita na yau ka ga abin da ya kama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke raina lita 160, amma ka ajiye adadin a gefe, za mu auna shi da kuɗin giya.

Waɗannan alƙaluman ba a cikin Kano aka auna su ba. Tsaya-tafi a bayan Adaidaita Sahu, da na'urar sanyi a kunne tun safe, zai sauko da kowacce ƙasa da abin da aka rubuta, kuma abin da muke gani a gari ya fi kusa da kilomita 7 zuwa 8 a lita. A doguwar hanya, in ka riƙe gudun 100 zuwa 110, za ka ga 12 zuwa 14. Ka wuce 130, ribar CVT ta tafi da iska. Kuma sau da yawa motar da ake kuka da shan manta ba laifin kamfani ba ne: an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, inji ba ya kai zafin da ya kamata, kwamfutar motar tana ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu da sanyi. Ko an fasa tukunyar salansa an kwashe matatar hayaƙin da bakanikai ke kira indomi. Ko fulogi na jabu. Ɗayan waɗannan kaɗai ya isa ya shafe ratar da ke tsakanin motocin biyu.

Maganar giya

CVT ba ta da haƙoran hawa ɗaya, biyu, uku. Faifai ne guda biyu masu buɗewa da tsukewa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu, irin tsarin da ke cikin ƙananan babura marasa canjin giya, sai dai wannan ya fi girma da ƙarfi. Bel ɗin yana kama faifan ne da matsin mai, kuma man ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Shi ya sa Honda ta ce HCF-2 kaɗai za a zuba mata. Ba DW-1 na tsohuwar giyar Honda ba, ba jan man giyar da ake aunawa a galan a bakin titi ba. Idan aka zuba wani daban, bel ya fara zamewa, ya karce fuskar faifai, garin ƙarfe ya bi mai ya toshe hanyoyinsa. Alamar farko kakkarwa ce wajen tashi, sai wani kuka siriri da ke ƙaruwa da gudu, daga nan sai ranar da za ka sa D motar ta ƙi motsi. A nan garin da wuya a buɗe CVT a gyara ta zauna, abin da aka saba shi ne a sayo wata ta Beljiyam a ɗora, kuma kuɗinta da na aiki ya fi ƙarfin ribar fetur ta shekara guda nesa ba kusa ba.

Wannan ba ya nufin giyar Honda ba ta da kyau. A cikin masu CVT tana cikin waɗanda suka fi ƙarko. Zafi ne abokin gabarta, mu kuma zafi muke da shi, ga cunkoso, ga lodi. Wanda zai sauke manta duk kilomita 40,000, ya zuba HCF-2 na gaske wajen lita huɗu, ya tsaya a kan bakanike har a gama, zai daɗe yana morar ta. Matsalar ita ce ba ka san abin da mai ita na farko ya yi ba, kuma jabun mai a kwalba mai tambarin Honda ba baƙon abu ba ne a kasuwa.

Giyar RAV4 ta fi haƙuri da sakaci, amma ita ma da nata. Man Toyota WS take sha, kuma ba ta da sandar awo. Ana daidaita yawansa ne ta ƙasa, lokacin da man ya kai wani zafi da ake dubawa a na'ura, don haka bakaniken da zai zuba da ka bai dace da ita ba. Sannan samfurin 2013 zuwa 2015 an san shi da wata kakkarwa da ke zuwa tsakanin gudun 40 da 80 idan ka taka totur a sannu, kamar ka hau ƙananan tudun rage gudu. Daga tok-kwanbata take, wato abin da ke haɗa inji da giya, har Toyota ta tsawaita garantin wannan ɓangaren a Amurka. Wadda aka nuna maka ta 2014 tana cikin waɗannan shekarun, dole ka gwada wannan kafin ka biya.

CR-V ta 2015 ita ma tana da tata kakkarwar, amma a tsaye: ka taka birki giya tana D, sai ka ji kujera da sitiyari suna rawa. Honda ta fitar da gyara a kai, wasu motocin an yi musu, wasu ba a yi ba. Ba ta kashe mota, amma mai tsayuwa a danja kullum zai gaji da ita.

Game da tsoron da ake yi cewa Honda tana cire ƙafa a kan hanya, wannan labarin tsofaffin Accord da Civic ne, inda nauyin mota ke rataye a kan boljoyin na ƙasa. CR-V tun 2002 aka sauya tsarin ƙafarta ta gaba. A riƙa dubawa dai, kamar kowace mota.

Hanyar ƙauye da damina

Tsayin cikinsu daga ƙasa santimita 16 ne, CR-V mai fowil 17. Ka ga ke nan ba Hilux ba ce, ba Prado ba ce, mota ce ta gida da aka ɗan ɗaga. Burji da rani ba zai gagari kowacce ba, ko da mai jan gaba ce. Idan hanyar garinku tana da yashi ko taɓo a watan Agusta, RAV4 mai fowil tana da maɓallin da ke kulle rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya har zuwa gudun 40, CR-V ba ta da shi, ita ke yanke wa kanta hukunci. Kuma in mota ta kafe, yawan gaba-baya da taka totur ya fi cutar da CVT.

In ba ka shiga irin wannan wurin sai sau ɗaya ko biyu a shekara, mai jan gaba ta fi maka: mai kaɗan, kayan lalacewa kaɗan. Mai fowil tana son tayoyi huɗu iri ɗaya masu ci ɗaya, ita kuma CR-V tana da man difiransha na baya na musamman, DPSF, wanda in ya tsufa za ka ji gurnani idan ka karya kwana sosai. Ruwan da ke kwanciya a titunan gari bayan mamako kuwa, duk wanda ya haura tsakiyar taya kada ka shiga da ko wacce. Inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, kwanrod ya lanƙwashe, sai sabon inji.

Juye da kayan gyara

Dukkansu sarƙa ce a inji ba bel ba, kuma littafinsu 0W-20 ya ce, lita huɗu da kusan rabi. A zafinmu 5W-30 mai kyau ba laifi. Abin da ba na so shi ne 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota da sunan wai ya fi kauri. Hanyoyin da ke sarrafa buɗewar bawul sirara ne, mai mai kauri ba ya isa da wuri da safe, daga nan ƙarar sarƙa ke farawa. A yi juye duk kilomita 5,000. Da hunturu a riƙa buɗe matatar iska duk wata, in ta toshe a sauya, kada a yi ta busa ta da iska mai ƙarfi har ta yage. A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji, na Toyota ruwan hoda, na Honda shuɗi, ba ruwan rijiya ba.

Injin CR-V ta 2015 yana da famfon fetur mai matsi sosai da injekta masu tsada, ba ya son mai mai datti. Idan kana yawan tsayawa wajen 'yan bumburutu, RAV4 ta fi jure wannan. Batirin CR-V ma ƙarami ne, zafi na saurin gama da shi. A RAV4 abin lura shi ne wata-famfo, ka duba gefen inji ko akwai busasshen ruwan hoda. A Ƙofar Ruwa za ka samu kayan duka biyun, Kano ba ta rasa masu gyaran Honda ba, amma kayan injin RAV4 sun fi yawa da sauƙi saboda Camry, kuma ranar sayarwa Toyota ta fi saurin samun mai saye. Wannan sunan da aka ce ana saya, ana sayar da shi kuma.

Abin da zan ce ka yi

Da irin zirga-zirgarka, in lafiyarsu ɗaya, RAV4 ta 2014 zan nuna maka, muddin ta tsallake gwajin kakkarwa. Za ka yi asarar lita goma sha wani abu a wata da iskar sanyin baya, ka huta da fargabar giya a hanyar Rano. Idan zaman yara da laushin tafiya sun fi damunka, kuma kana da bakaniken da ya san CVT, CR-V ba kuskure ba ce. Akwai ma hanya ta uku da dillali bai kawo maka ba: CR-V ta 2013 ko 2014, mai tsohuwar giya, wadda sau da yawa ta fi araha. Ita abin saurara a jikinta wata ƙara ce ta daƙiƙa ɗaya ko biyu idan aka tayar da ita da sassafe, daga na'urar VTC mai sarrafa lokacin buɗewar bawul. Akwai kuma RAV4 mai haɗin batir da fetur daga 2016, wadda a cikin gari ta fi su duka sauƙin mai, amma sai an auna lafiyar babban batirinta kafin a yi ciniki.

Ni dai ban ga motocin nan biyu ba, kuma CR-V mai lafiya ta fi RAV4 da aka tsamo daga ambaliya. Don haka ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da su kafin ka iso, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa. Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, da na'urar duba kwamfutar mota. Ka murɗa makulli ka ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan an tayar, domin akan cire ƙwan fitilar don a ɓoye matsala. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 a bincika a intanet, sau da yawa har hotunan motar a wurin gwanjo za su fito, ka ga ko hatsari ta yi ko ruwa ta sha, ka kuma gwada mil ɗin da aka rubuta can da wanda mita ke nunawa yanzu. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera. A ɗaga motar a ga ko indomi na nan, in mai fowil ce a ga ko ba a cire furofela ba. Sannan ku hau Eastern Bypass ku yi tafiyar minti ashirin da na'urar sanyi a kunne, a gwada gudun 40 zuwa 80 a sannu, a dawo a tsaya minti biyar giya tana D. Takardun kwastan kuma a tantance su da lambar shasin kafin ka ba da ko kafin alƙalami.